Na Tambayi Ƙwallon Dabino Ko In Auri Tamimu

Salamu alaikum mutanena na wannan shafi. Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa na cika ja mata rai a kan maganar Tamimu, gyara zama, yau sai kin ce in tsaya haka nan. Sababbin zuwa kuma sannunku. Khairiyya sunana, shekarata ashirin da uku, a nan Riyadh aka haife ni, unguwar Manfuha, a saman wani shagon gyaran waya. Najeriya a hoto na san ta. Hausar nan da kuke karantawa kuwa a bakin Gogo Hansai na koye ta, yayar Abbana, wadda ta zo umara tun ban zo duniya ba ta ce ƙafarta ta ƙi komawa. Shi ya sa in na buɗe baki sai ƙawayena su ce tsohuwar Kano ce aka sa wa abaya.

Tamimu ɗan Funtuwa ne, ɗalibi, yana ƙarasa digiri na biyu a fannin aƙida. Dogo ne siriri, ga gilashi, ga farar jallabiya da ta sha guga, wando iya ƙauri. Ina sonsa, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Amma soyayyarsa sai mai haƙuri. Kullum da safe saƙo ɗaya ne: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan an yi azkar." Sau ɗaya tak ya taɓa turo min jar zuciya, ban gama murna ba sai ga wani saƙon: "Afuwan, hannu ne ya zame."

Ga inda matsalar take. Karatunsa ya zo ƙarshe, za a buga masa bizar fita ta dindindin, wadda muke ce wa khuruj niha'i, ya koma gida. Ni kuma iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin Abba take. Ranar da na bi miji na fita, an soke ta ke nan. Garin da aka haife ni sai dai in nemi izinin zuwa baƙunta, in an ba ni an ba ni, in an hana ni an hana ni. Ummata kuma a nan za ta zauna.

Abba direba ne, ba ya son doguwar magana. Ya dawo aiki ya ajiye mukulli a kan firji ya ce, "Khairiyya, ba na yi miki dole. Amma ba za ki bar ɗan mutane a tsaye ba. Juma'a mai zuwa zai zo cin abinci. Kafin ya sa takalminsa ina son in ji i ko a'a. Khalas, magana ta ƙare."

Tun daga ranar gidanmu ya rabu. Umma ta koma yanka albasa ko ba a girki, don a ce ita ce ta sa ta hawaye.

"Can fa babu mukayyif," ta ce, tana nuna na'urar sanyaya ɗaki da wuƙa. "Ke da ko baƙala, kantin bakin layi, ba kya iya zuwa da rana. Kuma wa zai riƙa karanta min takardar asibiti?"

Gogo daga kan darduma ta ce, "Ƙyale ta, Dije. Mu da aka haifa a can narkewa muka yi? Ki tafi abinki 'yar nan, ki sa ni a akwati. Wallahi na yi marmarin gurasa da ƙuli-ƙuli."

Na yi istihara. Na san malamai sun ce ba sai an yi mafarki ba, amma dai na sa rai. Abin da na gani a barcin shi ne ina tsaye a layin mai burodin tamis, ana zuwa kaina ya ƙare. Ku faɗa min, wace amsa ce wannan?

To, a cikin wannan halin ne Tamimu da kansa ya miƙo min fitina har gida. Kundin da yake rubutawa a kan bokanci ne da duba irin na zamani, yana kawo kowanne yana ragargaza shi da hujja. Da yake ina da saurin buga Larabci a kwamfuta, sai ya roƙe ni in buga masa babi na huɗu. A ciki na ci karo da wasu abubuwa wai su haruffan run. Tsofaffin haruffa ne na Turawan can arewa, ƙasashen sanyi, guda ashirin da huɗu, duk zane-zane ne miƙaƙƙu kamar sawun kaza. Ana zana su a kan tsakuwa ko itace, a zuba a jaka, mutum ya yi tambaya ya zaro ɗaya. Kowanne da ma'anarsa. Bawan Allah don tsabar adalci bai rage komai ba, ya kawo hotonsu, ya kawo ma'anarsu, har yadda mai koyo zai fara, sannan ya bi su da raddi. Ni kuwa raddin na buga shi da yatsu, bayanin farko ne ya shiga kaina.

Kar ku zage ni tukuna. Ni ma na ce wa kaina ba duba zan yi ba. Gwaji ne kawai, in tabbatar wa Tamimu cewa ƙarya ne, ai taimakon ilimi ne. Ka ji Shaiɗan da iya tsara magana!

Ina zan samu tsakuwa? Ba a sayar da irin wannan a Riyadh, wanda ma ya je kanti ya tambaya ya sayo wa kansa wahala. Sai idona ya faɗa kan kwalin dabinon sukkari da kafilin Abba, wato maigidan da yake wa aiki, ya ba shi. Na jawo shi na zauna a tsakar falo na fara ci ina tara ƙwallo a cinya. Zuwa na goma na fara jin zaƙi har cikin kunnena. Zuwa na ashirin ina ci ina istigfari. Umma ta leƙo daga kicin ta tsaya tana kallona, sai kawai ta rushe da kuka.

"Yaya Hansai, zo ki gani! Ta amince a ranta. Ga ta can ta fara gyaran jiki."

"Umma, dabino fa kawai nake ci."

"Haka ake farawa!"

Gogo ta tashi da kyar ta ɗauko min madara ta ce in haɗa, ya fi saurin kama jiki.

Na wanke ƙwallayen, na shanya su a bayan taga, washegari na kulle ɗaki na zana haruffan da jan farce da tsinken sakace. Wanda bai taɓa zane a bayan ƙwallon dabino ba, ba zai san wuya ba. Santsi gare shi, ga shi siriri, wasu haruffan suka fito a karkace, wasu suka malale. Na zuba su a 'yar jakar karan-miski da aka sayo min 'yan kunne a ciki. Babin ya ce a shimfiɗa farin ƙyalle, sai na sato guturar Abba, farin mayafin nan da yake ɗorawa a kai ranar Juma'a. Ya ce a natsu a tara hankali. Na ƙure mukayyif don kada a ji motsina, na rufe ido na ce a hankali, "In auri Tamimu?" Na zazzage su gaba ɗaya.

Na buɗe ido. Fiye da rabinsu layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Na duba babin a waya: layi ɗaya miƙaƙƙe shi ne ƙanƙara, ma'anarsa komai zai tsaya cak. Innalillahi! Na zana ƙanƙara sau ɗaya, ya aka yi ta haihu? Na ja da baya har na bugi sif, na karanta Ayatul Kursiyyu, na yi kuka mai isata. Sai da na share hawaye na matso na gane ashe kifewa suka yi, tsagar nan ta cikin ƙwallon dabino nake kallo, wadda Allah ya halicce shi da ita.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa na ce watsawa ce ba ta dace da dabino ba, bari in riƙa zarowa ɗaya-ɗaya. Na sa hannu na zaro. Shanu. Wai alamar arziki ce a wajensu. Ni dai abin da na gani shi ne ni ce a Funtuwa da ƙwarya a cinya ina tatsa, ni da ko mage ta shigo bene sai na kira Abba. Na mayar na sake zarowa, aka ba ni harafin gidan kakanni. In ya fito a tsaye, komawa asali alheri ne. In ya fito a kife, rabuwa da gida ne da asara. To ƙwallon dabino ina kansa ina gindinsa? Na riƙe shi haka ya ce tafi. Na juya shi ya ce zauna. Na yi ta juya shi har aka kira la'asar.

Abin kunya, sai abin ya zame min jiki. Da safe in zaro, da rana in zaro. Har tambayarsu na yi ko kabsa, dafa-dukar Larabawa, za a dafa wa Tamimu ko tuwo, suka ba ni wata dabbar daji mai ƙaho da ban taɓa jin sunanta ba. Kullum in na gama sai in cusa jakar cikin rigar matashi in ce na daina.

Ranar Alhamis na sa hannu a rigar matashi na ji wayam.

Jama'a, na ga tashin hankali. Ƙasar nan ba a wasa da duk abin da ya yi kama da sihiri. Laya ma in aka gani a jikin mutum sai ya yi bayani, balle jaka guda ta ƙwallaye masu jan rubutu, a gidan baƙi 'yan Afirka. Na ɗaga katifa, na zazzage sif, na duba kwandon shara har da na maƙwabta. Umma ta ce me nake nema, na ce 'yan kunne. Ta ce ga su a kunnena. Na ce ba su ba.

Juma'a ta zo ba ta jira ni ba. Umma ta dafa duka biyu, kabsa da tuwon shinkafa miyar kuka, ta turare gidan da bakhur har ido na yaji. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, na yafa baƙin mayafi, na sa kwalli. Bayan sun ci abinci da Abba, Abba ya ce zai sauka ya gyara wa motarsa wuri, wato dai ya ba mu fili. Na shigo da butar gahawa na zauna can ƙarshen kafet. Tamimu yana ɗaya ƙarshen, idonsa a ƙasa. Gogo ta zauna a tsakiyarmu ta miƙe ƙafa, ita ce mai gadi.

"Malam Tamimu," ta ce, "ina da fatawa."

"Allah ya sa na sani, Gogo."

Ta sa hannu a lalitarta. Ina ganin bakin jakar karan-miski na ji kofin gahawa yana neman suɓuce min. Ta kwance ta, ta zazzage ƙwallayen nan kaf a gabansa.

"Carbina ne ya tsinke. Jiya ina neman man zafi a ɗakin 'yar nan sai na tsinci waɗannan. Ashe ta lura, ta zauna ta yi min abin tasbihi tana ɓoyewa za ta ba ni ba-zata. Dubi, kowanne da adonsa. Tun jiya nake hailala da su. To ya halatta?"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Tamimu ya ɗauki ɗaya. Ya cire gilashi ya goge da gefen jallabiya ya mayar. Ya juya ƙwallon, ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Bai kalle ni ba, kuma da ya kalle ni da ya fi min sauƙi.

"Gogo," ya ce da muryarsa ta karatu, "malamai sun yi saɓani a kan ƙirga zikiri da ƙwallo ko tsakuwa. Yatsu sun fi. Amma waɗannan ɗin musamman, gara ki ba ni su."

"Kyautar 'yata?"

Ya zaro nasa carbin daga aljihu, baƙi mai sheƙi, ya miƙa mata da hannu biyu. "A Madina na saye shi."

Gogo tana jin Madina ta manta da ni. Ta karɓe ta shafa a fuska, ta hau ja. Shi kuma ya tattara ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure jakar ya sa a aljihun gaba. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin carbi. Sai wayata ta yi motsi a cinyata.

"Babi na huɗu," ya rubuto.

Na rubuta, "Na'am?"

"Rabin babin na ƙarshe, inda hukuncin yake, shi ma ke kika buga?"

"Ni ce."

"Kin karanta, ko yatsu ne kawai suka wuce?"

"Gwaji na yi. Don in tabbatar maka ƙarya ne."

"Khairiyya."

"Na'am. To ba gwaji ba ne. Don Allah kar a kama ka da su a hanya."

Gogo ta dube ni ta dube shi. "Ku 'ya'yan zamani, an ba ku fili ku yi zance kowa ya duƙufa a waya. Mu a lokacinmu ko ƙyauren gida ne sai an jingina an yi hira."

"Aiki ne na makaranta, Gogo," ya ce. Wallahi bai yi ƙarya ba. Ya sake rubutowa: "Me kika tambaye su?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura: "Ko in aure ka."

Ya karanta. Sannan: "Me suka ce?"

"Shanu."

Sai ya ƙware. Ya yi ta tari yana toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, Gogo tana bubbuga masa baya tana cewa gahawar Larabawa ce, ba ta da kirki. Na ɗan ji sanyi, na ce tunda ya yi dariya an wuce wurin. Ashe ba a wuce ba. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja. Ba fushi na gani ba, na ga dai mutumin da aka ɓata wa rai yana ƙoƙarin haɗiyewa.

"Laifin duban tsakaninki da Allah ne. Ki tuba yau, kar ki kai gobe. Ba zan faɗa wa Abba ba. Amma ni ma ina da nawa ƙorafin. Tun da muka fara magana kin tambayi Umma, kin tambayi Gogo, kin tambayi abin da kika ci kika tofar. Ni da za ki bi, ba ki taɓa tambayata komai ba."

Na karanta sau biyu. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko lokacin da aka zazzage ƙwallayen. Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa ce masa ya gidanku yake ba, wane aiki za ka yi, ina za ka ajiye ni. Na rubuta masa, "Tsoro nake ji. Ƙwallo in ya faɗi abin da ba na so sai in juya shi. Kai ba zan iya juya ka ba."

"To ga ni a zaune. Tambaye ni."

Na kife wayar a kan kafet. Muryata ta fito wata iri, kamar ba tawa ba.

"Tamimu, in na bi ka, zan ƙara ganin Ummata?"

Carbin Gogo ya tsaya. Labulen kicin ma na ga ya daina motsi, na san Umma tana bayansa tun ɗazu.

Ya ɗago ya dube ni sosai, abin da bai taɓa yi ba. "Ban sani ba, Khairiyya. Wallahi ban sani ba. Koyarwa zan yi in na koma. Ɗaki biyu ne aka ware min a gidanmu, wuta tana zuwa tana tafiya, zafi kuma akwai shi. Zan yi iya ƙoƙarina in kawo ki ki gan ta, amma ba zan ce miki ga shekarar ba. In na ce na sani, na zama irin mutanen da nake rubutu a kansu. Abin da na sani kawai, ina sonki, kuma ba zan bari ki yi kukan kewa ke kaɗai ba."

Gogo ta ce, "La'ilaha illallahu, ashe yana magana."

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai na ji wani abu da ya tokare min ƙirji tun ranar da Abba ya ajiye mukulli ya sauka. Amsar ba ta yi daɗi ba ko kaɗan, amma ita ce ta farko da na yarda da ita.

Sai ga sallamar Abba. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi takalmin Tamimu, ya dube ni.

"To, Khairiyya?"

Ban kalli Abba ba, ban kalli Tamimu ba. Labulen kicin na kalla, inda nake hango yatsun ƙafar Umma da lallen da ni na sa mata.

"Abba, na amince."

Gogo ta rangaɗa guɗa har mai gyaran waya ya leƙo daga ƙasa. Abba ya ce Alhamdulillahi, ya kama hannun Tamimu ya riƙe. Ni kuma ina jiran kukan Umma, na ma shirya masa. Bai zo ba. Ta ɗaga labule ta fito, idonta a bushe, ta ce "Allah ya sa albarka" da wata murya da ban san ta da ita ba, ta wuce ɗakinta ta murɗa mukulli.

Yanzu haka a bakin ƙofarta nake zaune nake rubuto muku, ko rigar ban cire ba. Na yi alwala na yi tuban da aka ce in yi, na dawo na ƙwanƙwasa, ta ce in bari tana aiki. Na ji ta jawo kujera, na ji ta sauko da wani abu mai nauyi daga saman sif, na kuma san ƙararsa: babban akwatin nan ne da aka kawo ta da shi daga Kano tana amarya. Tana ta zazzage kayan cikinsa a ƙasa tana jan hanci.

Ɗazu ta matso jikin ƙofar, ba ta buɗe ba.

"Khairiyya, kina nan?"

"Ina nan, Umma."

Na ji ta jingina da ƙofar. Sannan ta ce, muryarta tana karyewa, "Tambayo min shi, kilo nawa jirginsu yake yarda mutum ya ɗauka."